Sa'annina sun girma sun bar ni: yadda aka gano ina da tawahhud (otizim) a shekara 33

A Makka aka haife ni a 1990, a wani lungu da ke bayan Shari' Mansur, inda mai shago da mai tsire da ladanin masallacin unguwa duk Hausa suke yi. Kakana na wajen uba a ƙafa ya zo aikin Hajji, ya biyo ta Chadi da Sudan, ya tsallako Bahar Maliya bai koma ba. Ummata kuwa 'yar Kano ce, aure ne ya kawo ta, kuma ita ce ta hana Hausa mutuwa a bakinmu. Na karanta lissafin kuɗi a Jami'ar Ummul Ƙura, ina aiki a ofishin akanta na wani kamfani mai kula da masaukin alhazai. In aka bi ta takarda, babu abin da ya rage mini na girma sai aure. Amma tun da na haura shekara 20 nake ɗauke da wani abu da na rasa bakin faɗarsa: duk sanda na zauna cikin matan da muka yi aji ɗaya, ji nake ni ƙanwarsu ce da aka ce su tafi da ita.

Ba maganar fuska ko jiki nake ba. Ƙawayen makarantarmu kan haɗu jefi-jefi a gidan ɗaya daga cikinmu. Gaisuwa na iya ta sarai, daga "ina wuni" har "ya muka ji da zafi", don ita tana da tsari, kowace tambaya da amsarta. Da an gama ta sai hira ta shiga inda ba ni da ƙafar bi. Wannan ta san abin da ake gaya wa matar da mijinta zai ƙara aure. Waccan ta san nawa ya dace a kai gudummawar bikin 'yar maƙwabciya, da yadda ake tuna abin da ita ta kawo a naku don kada a gaza mata. Sun san lokacin da "ai ba komai" ke nufin akwai komai. Ba wanda ya zaunar da su ya koya musu. Ni sai in koma gida in kwana ina tisa maganganun, sai an kwana biyu in gane cewa wata kalma da na ɗauka yabo ce habaici ce, kuma da ni ake. Ƙanwata da na girme wa shekara 6, wadda na goya a bayana, yau in muka shiga gidan rasuwa ita ke gaba, ina biye ina duban inda ta durƙusa da abin da ta ce. Waɗanda suka zo neman aurena ma, bayan zaman ganin juna, saƙo ɗaya ake dawo da shi: tana da hankali, amma akwai yarinta.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da ina ƙarama akasin haka ake faɗa. "Hajiya Kaka" ake kirana a gida. Yara na wasan 'yar tsana a tsakar gida, ni ina gefen tabarmar kakata ina sauraron labarin hanyar Sudan, ina gyara mata in ta sauya sunan gari. Na haddace Juz'u Amma kafin in shiga aji ɗaya. Larabcina ba na titin Makka ba ne, fusha nake yi, wato Larabcin littafi, irin ta katun ɗin talabijin, har baƙi su riƙa sa ni magana don su ji. Manya na yabona, yara na guduna. Wajen shekara 13 muka dawo daga hutu na tarar 'yan ajinmu sun zama wasu mutane: kwalliya, raɗa, sirri, kowa da rukuninta. Ni na dawo da abin da na tafi da shi, wato tashar katun ta Spacetoon da littafin da nake rubuta tutocin ƙasashe da lambobin motocin alhazai da ke bi ta titinmu. A nan suka wuce ni, ban kuma sake kamo su ba.

Kowa da fassararsa. Wasu su ce miskila ce, wasu girman kai, wasu shagwaɓa. Lokacin da aka rushe layinmu don faɗaɗa gari muka koma unguwar Shauƙiyya, kowa a gidan ya yi kewa ya haƙura, ni kuwa na yi watanni ba na iya cin abinci sosai, magana ma sai da ƙyar, ƙarar injin sanyaya ɗaki na sabon gidan kaɗai ta isa ta sa ni kuka. Aka yi mini ruƙiyya, aka yi ta ba ni Zamzam da addu'a. Ban taɓa raina wannan ba, karatun Alƙur'ani yana kwantar mini da hankali har gobe. Sai dai ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa sauyin gida kaɗai zai kayar da babbar mace haka.

A 2022 aka ce ɗan Yayata, mai shekara 3, yana da tawahhud, abin da a asibitocin Najeriya ake kira otizim. Da yake ni ce mai haƙurin cike takardu a gidanmu, ni Yaya ta ba tambayoyin da aka ba ta. Yana toshe kunne in ya ji ƙara? Yana jera kaya a layi? Yana tashin hankali in aka sauya hanya? Ina karantawa a fili, Umma na gefe tana tsinke ganyen mulukiyya, sai ta ce, "In dai wannan ne ciwo, ai Hajiya Kaka ta fi shi." Da wasa ta faɗa. Ni ban yi barci ba a daren.

Na fara da abin da kowa ke farawa da shi, gwajin intanet. Akwai wani mai tambaya 50 da ake kira AQ, wanda Simon Baron-Cohen da abokan aikinsa na Jami'ar Cambridge suka fitar a 2001. Sun sa maki 32 a matsayin inda ya kamata mutum ya nemi a duba shi, ni na haura haka. Amma wannan gwajin ba ya yanke hukunci, kuma ana gani an san ba don mu aka rubuta shi ba. Akwai inda ake tambaya ko ka fi son zuwa gidan wasan kwaikwayo a kan gidan tarihi, alhali mu da muka tashi a Makka ba mu san na farkon ba, silima ma sai 2018 aka sake buɗewa a Saudiyya.

Daga nan na nemi ganin likita a cibiyar lafiya ta unguwa ta manhajar Sehhaty, aka tura ni sashen ƙwaƙwalwa na wani asibiti. Likitan bai wulaƙanta ni ba, amma lokaci kaɗan ya ba ni. Ya ji ina da digiri da aiki, ya ji ina magana tiryan-tiryan, ya ce fargaba ce da ciwon damuwa, ya rubuta magani. Fargabar gaskiya ce, maganin kuma ya taimaki barcina. Tambayar da ta kai ni ce ba a taɓa ba. Mun sha wuya kafin mu sami mai tantance manya, don mafi yawan wuraren da muka tuntuɓa yara suke gani. Yaya ce ta yi ta buga waya, ni magana ta waya da baƙo tana cikin abubuwan da suka fi yi mini nauyi a duniya. A ƙarshe aka yi mana kwatancen wata masaniyar halayyar ɗan adam a wani asibitin kuɗi a Jidda. Daga albashina na biya, kuma ba kaɗan ba ne. Wannan yana damuna, don na san a cikin 'yan uwanmu akwai masu zama da iƙama, wato takardar izinin zama ta baƙi, akwai ma waɗanda takardunsu ba su daidaita ba, kuma irin wannan ƙofar a rufe take gare su.

Sharaɗin farko na wannan masaniya, wadda muke kira Duktura, shi ne a zo da wanda ya san ƙuruciyata. Tawahhud ba ya faɗo wa mutum da rana tsaka. Ƙa'idar tantancewa ta ce dole alamun su kasance tun ana ƙarami, ko da ba su fito fili ba sai da nauyin rayuwa ya fi ƙarfin dabarun mutum. To a nan aka sha daga da Umma.

"Ke 'yar nan, so kike a ce 'yata na zuwa asibitin ƙwaƙwalwa? In magana ta fita wa zai ƙara tako ƙofar gidan nan?"

Yaya ce ta ce, "Umma, jikanki ma ai irin wurin muke kai shi. Kin ga ya haukace ne?"

Ba ta amsa ba, amma ranar tafiya ta riga mu shiryawa. Muka hau jirgin ƙasa na Haramain daga tashar Rusaifa zuwa Sulaimaniyya, tafiyar kamar rabin awa, tana rungume da wani tsohon gwangwanin biskit da ban san ya tsira daga tashinmu ba. Takardun makarantata ne a ciki, tun daga aji ɗaya.

Wannan zaman shi ne ya fi tsaya mini a rai. Duktura na tambaya da Larabci, Yaya na fassarawa inda Larabcin Umma ya ƙare. Duk abin da aka tambaya, da alfahari Umma ke amsawa. Ba ta yawon maƙwabta. Ba ta kallon idon manya. Ba ta roƙo. In ka ajiye ta a wuri, a nan za ka dawo ka same ta. Ba ta kuka sai in an sauya mata kofinta ko an sa mata riga mai leshi a wuya. Duktura ta san cewa a wajenmu sunkuyar da kai tarbiyya ce, don haka ta bi ta wata hanya. Ta ce, manya mun ji, to yara 'yan uwanta fa, tana kallon idonsu? In ta ga wani abin sha'awa, jirgin sama ko kyanwa, tana nunawa da yatsa ta juyo ta dube ki don ku gani tare? In ta faɗi ta ji ciwo, tana rugowa wurinki? 'Yar tsanar da aka saya mata, tana goya ta tana ba ta abinci, ko me take yi da ita? Umma ta daɗe shiru, sannan ta ce, "Jera su take yi daga babba zuwa ƙarama. In ta ji ciwo bayan ƙofa take shiga." Muryarta ta sauya. Aka buɗe gwangwanin, malamai daban-daban, shekaru daban-daban, magana kusan ɗaya: mai natsuwa, mai ladabi, ba ta shiga cikin 'yan uwanta.

A nan na gane yadda na ɓace a idon kowa. Kunya da kawaici da rashin surutu su ne abin da ake so ga 'ya mace a gidan Bahaushe, ni kuwa na zo da su fiye da yadda ake nema. Da na girma niƙabi ya ƙara rufe ni. Mutane da yawa ba za su gane ba, amma ranar da na fara sa shi na ji wani sauƙi da ban taɓa ji ba, don na huta da tunanin yadda zan tsara fuskata, yaushe zan yi murmushi, yaushe zan nuna mamaki. Masu bincike sun daɗe suna rubutu a kan yadda mata masu tawahhud ke ɓoye alamunsu ta hanyar kwaikwayo, shi ya sa ake gano maza kusan 4 a kan kowace mace 1, ko da yake in aka bi jama'a aka duba da kyau tazarar kan ragu zuwa wajen 3.

Zama na gaba ni kaɗai ce, da wani gwaji mai suna ADOS-2. Yana da kashi-kashi, kashi na 4 shi ne na manya masu magana sosai. Na cire niƙabina tunda mu biyu ne mata. Ta miƙo mini littafin hotuna wanda kusan babu rubutu a ciki, kwaɗi na shawagi a sama cikin dare, ta ce in ba da labarin. Na faɗi adadin kwaɗin kowane shafi, na faɗi ƙarfe nawa agogo ya nuna, na lura da inda hasken wata ya sauya gefe. Ta nuna wani mutum da ke cin abinci a kicin ta ce, shi fa me yake ji? Sai a lokacin na dubi fuskarsa. Ta zube wasu 'yan tarkace a tebur ta ce in zaɓi 5 in ƙirƙiri labari da su. Ta ce in nuna mata yadda ake goge haƙora, ba buroshi ba ruwa, kamar ina koya wa wanda bai taɓa gani ba.

Wannan ya yi mini zafi, na kuma gaya mata. Na ce, Duktura, abin da ya kawo ni shi ne ina jin kaina yarinya, ga shi kin ba ni wasan yara. Ta ajiye alƙalami ta ce ba iyawata take aunawa ba, tana duban yadda nake haɗa ido da hannu da murya ne in ina isar da magana, da yadda nake jawo wani cikin abin da nake yi, kuma tambaya kai tsaye ba ta nuna wannan, don mai wayo ya riga ya haddace amsa. Gaskiyarta. Da ta koma tambayoyin baki, me ake nufi da ƙawa, me ya bambanta ta da abokiyar aiki, me ya sa mutane ke aure, amsoshina sun fito a tsare, amma duk daga karatu na samo su. Da ta ce in ba ta labarin lokacin da na ji kaɗaici, da yadda yake a jikina, sai na tsaya cik.

Gwajin basira na Wechsler shi kaɗai na ji daɗinsa: jera 'yan tubala ja da fari su ba da zane, maimaita lambobi daga baya zuwa gaba, ma'anar kalmomi. Sai kuma na ƙarshe, wanda ban ba shi muhimmanci ba, ashe shi ne zai taɓa tambayata kai tsaye. Sunansa Vineland, daga wani gari a jihar New Jersey ta Amurka inda Edgar Doll ya fara tsara irinsa a 1935. Ba ni aka tambaya ba, Yaya aka tambaya. Shi ba ruwansa da abin da mutum ya sani ko zai iya in an matsa masa. Abin da yake yi da kansa yau da gobe ba tare da an tuna masa ba, shi ake rubutawa, a fannin sadarwa, da hidimar yau da kullum, da zamantakewa.

Ranar karɓar sakamako mu uku muka koma. Duktura ta ce na cika ƙa'idojin tawahhud, mataki na 1 a cikin matakai 3 da DSM-5, littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka, ya tsara a 2013, wato mai buƙatar tallafi amma ba mai yawa ƙwarai ba, tare da fargabar da likitan farko ya gani. Sannan ta ajiye shafi biyu gefe da gefe. A na basira na haura matsakaici, musamman a kalmomi da warware zane, ko da yake saurin aikina ya yi ƙasa da sauran. A na Vineland kuwa, karatu da rubutu da riƙe kuɗi sun yi daidai da shekaruna, amma zamantakewa ta faɗi ƙasa sosai. Akwai wani layi da ke kwatanta maki da shekaru, a wajen hulɗa da mutane ya nuna na 'yar makarantar sakandare. Na daɗe ina kallon layin. Abin da na yi shekaru ina ji a ƙirjina ban iya faɗa ba, ga shi an buga shi da inji.

Ta sa hannu ta rufe layin ta ce kada in ɗauke shi fiye da matsayinsa. Ba shekarun ƙwaƙwalwata ba ne, babu ma wani abu mai wannan suna da ya game mutum gaba ɗaya. Abin da ya nuna kawai shi ne a waɗannan tambayoyin, abin da nake yi ba tare da taimako ba ya yi daidai da abin da aka saba gani a waɗancan shekarun. Ta ce wannan tazara tsakanin basira da iya tafiyar da rayuwa sananniya ce ga masu tawahhud da ba su da raunin fahimta, kuma takan ƙara faɗi in ana girma, ba don mutum na komawa baya ba, sai don abin da ake nema a wurinsa na ƙaruwa da sauri fiye da yadda yake tarawa. A shekara 8 ladabi da hadda sun isa a ce kin yi fice. A shekara 30 ana so ki riƙe dangin miji, ki karanci fuskar shugabanki a ofis, ki sasanta ƙawaye biyu ba tare da kin ɓata da ko ɗaya ba.

Ta ce jin ƙuruciya ba ya cikin ƙa'idojin tantancewa, amma tana yawan jin sa a bakin manyan da take gani. Ta ƙara da cewa yawancin mutane ma in sun manyanta suna jin ba su kai shekarunsu ba, sai dai nasu daɗi ne, namu kuwa jin an bar ka a baya ne. Sauran bayanin ni na ƙarasa wa kaina a watannin da suka biyo. Shekarun da sa'annina suka yi suna gwada ƙawance, suna faɗa suna shiryawa, suna koyon duniya a jikin juna, ni na ƙarar da su wajen koyon yadda zan tsaya a tsakar makaranta ba a gane ni daban ba ce. Wanda ba a gayyata ba ba ya samun horo, wanda bai samu horo ba kuma ba a gayyatarsa. Sannan ma'aunin girma a wajenmu aure ne da haihuwa da zumunci, duka kuwa ta ƙofar mu'amala ake shigarsu. Ba wanda ke lissafa cewa ni nake rufe asusun kamfani a ƙarshen shekara, ko ni nake biyan hayar gidan da Umma ke ciki tun rasuwar Abba.

Tambayar Umma ɗaya ce: ita ta jawo? Ko allurar rigakafi ce, kamar yadda ake yaɗawa a WhatsApp? Duktura ta ce a'a ga duka biyun. Maganar rigakafi ta samo asali ne daga wani rubutu da likitan Ingila Andrew Wakefield ya buga a mujallar The Lancet a 1998, wanda mujallar ta janye a 2010, aka kuma soke masa lasisin aiki, manyan bincike da suka biyo baya ba su ga wata alaƙa ba. Gado ne ke da kaso mafi girma: wani bincike da aka buga a 2019, wanda ya bi yara sama da miliyan 2 a ƙasashe 5, ya ƙiyasta shi kusan kashi 80 cikin 100. Ba kuma sakacinta ba ne ya hana a gane ni. Leo Kanner ya bayyana tawahhud a 1943 a kan yara 11, Hans Asperger ya rubuta nasa a 1944 a kan yara maza masu magana da basira, amma aikinsa bai yaɗu ba sai da Lorna Wing ta farfaɗo da shi a 1981, bai kuma shiga littafin likitocin Amurka ba sai 1994. Cibiyar tawahhud ta Jidda, wadda ke cikin na farko a Saudiyya, a 1993 aka buɗe ta, ina shekara 3. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da tawahhud. Yaran shekarun 1990 ba ɓacewa suka yi ba, mu ne muka girma ba a san da mu ba.

A jirgi muna dawowa Umma ta ce, "Gero da dawa ba rana ɗaya suke nuna ba." Lallashina take yi, na kuma karɓa. Sai dai ba jinkiri ne kawai ba. Akwai abubuwan da ba za su taɓa zuwa mini da kansu ba ko na kai 70, sai dai in koye su da gangan ko in nemi wanda zai riƙe mini su.

Inda na ƙi bari a taɓa ni shi ne ranar da wata gwaggona ta ji labari ta ce, "Ashe ƙwaƙwalwar yara ce da ita, sai a yi ta haƙuri." Wannan ita ce illar layin nan na takarda in ya faɗa hannun da bai dace ba. Na ce, Gwaggo, ki yi haƙuri, hadisi ya ce mutum uku aka ɗauke wa alƙalami: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Ba na cikin ko ɗaya. Ina sallah, ina azumi, ina fitar da zakka, za a yi mini hisabi irin na kowace baliga. Rashin gane habaici bai mayar da ni yarinya ba, kuma ba zai zama dalilin da za a yanke shawara a kaina ina ɗaki ba. Ina jin ƙuruciya a cikina, haka ne, ni na fara faɗa. Amma wannan bayanin abin da nake ji ne, ba izini ba ne a ƙwace mini girmana. Ina roƙon iyayen da ke da irin wannan rahoto a gida su kula da wannan sosai.

Tawahhud ba shi da magani, ni ma ban nema ba. Watannin farko baƙin ciki na yi, na tausayin yarinyar da ke shiga bayan ƙofa. Daga baya muka shiga gyare-gyare. Bikin Hijaz sai bayan isha ake fara taruwa, amarya ba ta fitowa sai dare ya raba, ga amsa-kuwwa har cikin ƙashi. Da can nakan daure har asuba in kwanta ciwo. Yanzu ina zuwa da wuri, abin toshe kunne a ƙarƙashin mayafi, in gaida uwar amarya, in miƙa gudummawata, in tafi kafin kiɗa ya yi ƙarfi. Yaya ta zauna da ni muka rubuta littafi guda: wa ake zuwa wa barka tun kafin suna, nawa ake kaiwa a kowane hali, me ake cewa a kwanakin zaman makoki. A ofis na roƙi shugabana ya riƙa turo mini umarni a rubuce, musamman a lokacin Hajji da komai ke sauyawa cikin awa guda, ya kuma yarda ba tare da dogon bincike ba. Saudiyya ta fitar da sabuwar dokar haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2023, ana kuma iya kai rahoto ma'aikatar kula da ma'aikata da walwalar jama'a a tantance mutum. Ban kai nawa ba tukuna, ina auna abin da zai ƙara mini da abin da zai sauya a yadda ake kallona a wurin aiki.

Jin ƙuruciyar bai tafi ba. Abin da na lura shi ne ba ko'ina yake bina ba. Ta hanyar Duktura na san wasu mata manya masu tawahhud, Larabawa da wata 'yar asalin Sudan, mukan haɗu wani lokaci a Jidda a wurin shan gahawa marar hayaniya. A cikinsu ban taɓa tuna shekaruna ba. Wadda ta gaji sai ta ce ta gaji, wadda ba ta gane ba sai ta tambaya, ba mai neman wata ma'ana a bayan magana. Wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi ma yana da tawahhud, ya rubuta a 2012 cewa rashin fahimtar da ke tsakaninmu da sauran mutane daga ɓangare biyu yake: kamar yadda muke kasa karantarsu, haka su ma suke kasa karantarmu. Na ga gaskiyar haka a teburin nan.

Kwanakin baya Baffa, wanda shi ne waliyyina, ya zo da maganar wani mutum da matarsa ta rasu. Na ce na yarda a yi magana, amma sai an gaya masa tun kafin a yi nisa. Baffa ya ce rufin asiri ya fi, tunda ba abin da ake gani a jikina. Na ce, Baffa, a gida ɗaya za mu zauna, zai gani, kuma gara ya ji daga bakinmu da ya gano da kansa ya ce an ɓoye masa. Umma, wadda a da take tsoron magana ta fita, ita ta goyi bayana. Muka tsaya a kan mijin Yaya zai zauna da shi, tunda shi uban mai tawahhud ne ya san yadda zai yi bayani, ni kuma na rubuta abin da zama da ni ke buƙata: a sanar da ni kafin a kawo baƙi, a bar mini ɗaki ɗaya da babu talabijin, in an yi fushi da ni a faɗa mini a fili, kuma zan ci gaba da aikina. An kai masa takardar. Danginsa sun nemi a ba su lokaci, Baffa ya ce a jira su zuwa bayan Hajji.